Amsoshin Tambayoyinku: Na Ɗauke Makullin Motar Mahaifina, Shin Na Saɓa Masa?

Tambaya

Ina rubuto muku daga Gazawa. Mahaifina direba ne tun ban zo duniya ba. Ya yi yaron mota, ya tuƙa motar wani, har Allah ya ba shi tasa, yana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Gazawa, Agye, Cadawa da Maradi. Yanzu ya haura shekara 70. Tun bara muka ga ya fara mantuwa: ya karɓi kuɗin fasinja ya sake tambaya, ya kira jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu. Da kaka ya taso daga Maradi ya wuce garinmu bai tsaya ba, sai da fasinjoji suka yi ta magana ya farga, an kusa Tasawa. Ba a jima ba kuma ya kusa hawa kan amalanken shanu. Muka kai shi wurin lokotoro a Maradi, aka ce ciwon mantuwa ne, kuma ya bar tuƙi. Ni ne babba, ni na ɗauke makullin. Tun ranar Baba ba ya kallon fuskata. Ya rage cin abinci, yana zaune a zaure yana kallon motar. Kullum bayan asuba sai ya nemi makulli, in an gaya masa ya yi fushi kamar yau ya fara ji. Ya ce ni ɓarawo ne, gado nake jira. Ƙannena sun rabu biyu, wasu na cewa a mayar masa ya riƙa zagaya cikin gari kawai. Ina tsoron bakin uba. Shin na saɓa masa? Yaya za mu yi hankalinsa ya kwanta?

Daga wani mai karatu, Gazawa

Amsa

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, kai kuma ya saka maka da alheri. Ba ka saɓa masa ba. Na fara da wannan ne domin na ga shi ke hana ka barci. Mutumin da ya wuce garinsu a kan hanyar da ya yi shekaru yana bi, ga fasinja a bayansa, lokacin tuƙinsa ya ƙare, kuma wanda ya hana shi ya tsare masa ransa da rayukan mutane da mutuncin da ya tara a tasha.

Ka fi ni sanin hanyar. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta gefen Maradi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, kowa da kowa ne a kanta. Manyan motocin kaya, bas-bas masu gudu, amalanken jaki da na shanu, 'yan kabu-kabu, garken awaki, yaran da ke tsallakawa da tallar aya ranar kasuwa. Direba mai cikakkiyar lafiya ma da addu'a yake isa gida.

Abin da ke rikita iyalai shi ne hannun tsoho bai manta aikinsa ba. In ka ba Baba motar yanzu zai tayar da ita, ya sa giya, ya juya sitiyari fiye da kai, kamar yadda ƙafarsa ta san hanyar masallaci ko cikin duhu. Aikin da jiki ya saba da shi yana daga cikin abin da ciwon ke taɓawa a ƙarshe. Abin da yake fara ci shi ne sanin inda ake, auna tazara, lura da abu biyu a lokaci ɗaya, da yanke shawara cikin ƙiftawar ido in yaro ya faɗo kan kwalta. Waɗannan ba a ganin su in mota tana tsaye a ƙofar gida. Don haka in wani ƙanenka ya ce ai ya ga Baba ya juya motar lafiya lau, gaskiya ya faɗa, sai dai ba a nan matsalar take ba.

Shawarar a bar shi ya riƙa zagaya cikin gari ban yarda da ita ba. Cikin gari ne yara suka fi yawa. Haka nan a sa wani ya zauna gefensa yana nuna masa hanya: birki yana ƙarƙashin ƙafar Baba, na gefe ba abin da zai iya sai salati. Kada kuma a musanya masa da babur don a lallashe shi, babur ya fi mota rashin yafiya. Akwai masu wannan ciwo da likita kan bari su ci gaba da tuƙi na ɗan lokaci a farko-farko, ana sa musu ido. Wanda ya riga ya ɓata a hanyar da ya sani, ya kusa yin haɗari, kuma haya yake yi, ya wuce wannan matakin.

Ciwon da mutanenmu ke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke yin sa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma daga lalacewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake zuwa, shi ne abokin tafiyar hawan jini da ciwon sukari. Ku koma wurin likitan ku tambaye shi wane iri ne yake zato, a auna jinin Baba da sukarinsa, a duba idonsa da kunnensa, ku kuma kai masa duk magungunan da Baba ke sha, har na 'yan tebur da na gargajiya, domin wasu magungunan barci da na ciwon jiki suna ƙara ruɗewa. Ƙarancin sinadarin B12 da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo mantuwa, kuma suna jin magani. In wata rana kuka ga ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya faɗi ya bugu a kai, ko bakinsa ya karkace, kada ku ce ciwon ne ya motsa. Ku kai shi asibiti a ranar, cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ko asibitin gunduma na Agye, in an tura ku Maradi ku tafi.

Yanzu ga zuciyarsa, wadda ita ce ainihin tambayarka.

Ka tsaya ka lissafa abin da ke rataye a jikin wannan makulli. Akwai kuɗin cefane da ya saba cirowa daga aljihunsa da safe ba tare da ya tambayi kowa ba. Akwai tasha, inda ake kiran sunansa tun daga nesa, mai shayi ya san yadda yake son shayinsa, 'yan kamasho su miƙe in ya shigo. Akwai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, mace tana naƙuda, a ce Alhaji a taimaka. Gawa nawa ya kai gida, amarya nawa ya kai ɗakinta, mahajjata nawa ya raka? A garuruwanmu mai mota mutum ne da ake nema. Rana ɗaya ya wayi gari shi ne mai jira a kai shi, kuma wanda ya yanke hukuncin yaron da ya goya ne. Abin da kake gani a zaure zaman makoki ne, ko da yake ba wanda ya rasu, kuma ba wanda ya zo masa gaisuwa. Kowa na cewa ai don lafiyarsa ne, ya yi haƙuri. Ba wanda ya zauna kusa da shi ya ce, Baba, an yi maka babban rashi.

Ka zama mai faɗa masa haka. Ba sai ka kare kanka ba. In ya ce an cuce shi, ka ce, Baba, da zafi, shekaru nawa kana kan hanyar nan ba ka taɓa zubar da mutane ba. Masu wannan ciwo sukan manta maganar da aka yi, amma yadda maganar ta sa suka ji yakan daɗe tare da su. Zai manta hujjojinka kafin azahar. Ko ka daraja shi ko ka ƙasƙantar da shi, wannan zai kwana da shi.

Masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun tattara nazarce-nazarce a 2016, suka ga cewa tsofaffin da suka daina tuƙi, yiwuwar su faɗa cikin ciwon damuwa ta kusa ninkawa. Yawancin waɗannan kuwa mutane ne da mota abin hawansu ce kawai, ina ga wanda ita ce sana'arsa da sunansa. Don haka rage cin abincin nan kada ku raina shi. In ya kai mako biyu yana ƙin abinci, yana ramewa, barci ya gagara, ya daina zuwa masallacin da ya saba, ko ya fara cewa gara ya mutu, ku gaya wa likita da waɗannan kalmomin. Ciwon damuwa yana da magani ko a jikin mai ciwon mantuwa.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke ɗaukar wannan baƙin jini. A Japan duk direban da ya kai shekara 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa takardar tuƙi, kuma tun 1998 suna da tsarin da tsoho zai mayar da takardarsa da kansa, garuruwa da yawa su rage masa kuɗin bas da na tasi. A Ingila wajibi ne wanda aka samu da ciwon ya sanar da ofishin da ke ba da takardar tuƙi. Can tsoho yakan yi fushi da ofis. A nan kuwa a aikace nauyin kan babban ɗa yake faɗawa, shi ya sa ka zama ɓarawo a bakinsa.

Wannan kalma ta ɓarawo, ka sauke ta daga zuciyarka. Zargin sata yana daga cikin alamomin ciwon da aka fi sani a duk duniya. Mutum ya nemi abu bai gani ba, bai tuna an yi magana ba, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ya fi sauƙi: wani ya ɗauka. Kuma na kusa ake zargi, wanda ya fi hidima. Akwai kuma wata alama, ciwon yana hana mai shi gane cewa yana da ciwo. A wurin Baba lafiyarsa ƙalau, ranar Tasawa kuwa ba ta faru ba. Ba taurin kai yake yi ba. In ka ɗauko shaidu, ko ka ce za ka dafa Alƙur'ani, abin da zai gani shi ne 'ya'yansa sun haɗa masa baki.

Da za a sake, da ba kai za ka fara faɗa masa ba, kuma har yanzu ana iya gyarawa. A al'adarmu ɗa ba ya kafa wa uba doka. Ka nemo wanda Baba ke jin nauyinsa: yayansa in yana raye, limamin unguwa, tsohon ubangidansa da ya koya masa mota, ko abokinsa na ƙuruciya a sandikar direbobi wanda shi ma ya ajiye tuƙi. Su same shi su kaɗai, ba a gaban matansa ko surukai ko jikoki ba, su ce masa lokotoro ya ce a huta, kuma manyan direbobi haka suke yi, suna ajiye sitiyari da sunansu a wanke. Ka roƙi likitan ya rubuta a takarda da hatiminsa. Wasu tsofaffin takardar na kwantar musu da hankali, wasu kuwa tana tunzura su. Ka gwada sau ɗaya, in ta ƙara masa zafi ka ajiye ta.

Sai maganar bayan asuba. Tunda yana mantawa, duk ranar da kuka ce masa an hana ka tuƙi har abada, sabon labari ne yake ji, sabon ciwo. Ba dole ba ne ya sha wannan kullum. In ya nemi makulli, ka tambaye shi ina za a je. Sau da yawa za ka tarar jikinsa ne ya tuna cewa yanzu lokacin fita ne. Ka ce, to Baba, mu sha koko tukuna, yau ni zan kai ka. Ko ka ce mu leƙa tasha mu ga ko an fara lodi. Lokacin da ya saba fita shi ne lokacin da za ku tanadar masa abin yi, kafin ya tambaya.

Na san abin da za ka ce: ba ƙarya ke nan ba? Iyalai da yawa sukan ce mota ta lalace, ko su cire wayar batir. Ni ban cika son wannan ba, musamman ga direba. Baba ya san inji, zai buɗe gaban motar ya gano, ko ya aika a kira makaniki, daga nan kuma amana ta ƙare. Akwai maganganu na gaskiya da suka isa: lokotoro ya ce a dakata, motar tana wurin aiki, yau ni ne direbanka. Ba wajibi ba ne a faɗa wa mara lafiya duk gaskiyar da ke akwai a kowace safiya, wajibin shi ne kada a wulaƙanta shi.

Motar kuwa ta bar ƙofar gida. Muddin yana ganinta daga zaure, ciwon ba zai lafa ba. Amma ka tuna dukiyarsa ce, yana raye. Kada ka sayar a ɓoye, kada kuma ka mayar da ita taka, domin wannan zai gaskata zargin a idon 'yan'uwanka. Ku zauna ku duka, da mahaifiyarku da abokan zamanta in akwai, da dattijo ɗaya ko biyu a matsayin shaida. In za a ba wani amintaccen direba, zai fi daɗi a ce tsohon yaron motarsa ne, ya riƙa kwana da ita can wurinsa, da yamma ya zo ya durƙusa ya gaida ubangidansa, ya ba shi labarin hanya, ya miƙa masa wani abu daga kuɗin ranar a hannunsa, ko jika ɗaya ce. Sauran a rubuta a littafi, a yi masa magani da cefane da su. Da haka Baba ya tashi daga direba ya koma mai mota, matsayin da kowane direba ke fata tun yana yaron mota. Littattafan fiƙihu suna da babi guda a kan yadda ake kula da dukiyar wanda ba zai iya juya ta da kansa ba, ku tambayi malami ya bi da ku a kai.

Kada tafiye-tafiyensa su mutu tare da tuƙinsa. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi: a karɓe makulli, sannan kowa ya shiga harkarsa, tsoho ya zama kayan zaure. Ku raba kwanaki tsakaninku. Juma'a wane zai kai shi masallaci, ranar kasuwa wane zai kai shi tasha ya zauna da abokansa awa ɗaya, ɗaurin aure da ta'aziyya a tafi da shi, da damina a kai shi ya ga gero. A mota gidan gaba nasa ne. Ka tambaye shi, Baba, wannan ƙarar daga ina take? Ka bar shi ya yi maka faɗan ka cika taka birki. Tsofaffin labarai su suka fi daɗewa a kansa, don haka ka tambaye shi yadda hanyar Katsina ta Ɗan Isa take a zamaninsu, da motar da ya fara tuƙawa, da ubangidansa na farko. Ko ya ba ka labarin sau goma, ka saurara, in da hali ka ɗauka a waya, jikokinsa za su gode maka. In yana son jin nauyin makulli a aljihu, ku bar masa na ɗakinsa ko na rumbu.

Tunda mutum ne da ya saba fita, wata rana zai iya kama hanya da ƙafa. Ku sa takarda mai sunansa da lambar wayarka a aljihun kowace rigarsa. Ku sanar da maƙwabta, da 'yan kabu-kabun unguwa, da mutanen tasha, cewa in sun gan shi shi kaɗai su tare shi da girmamawa su kira ka, kuma kada wanda ya ara masa mota ko babur. Ɓoye ciwon don kunya ya fi fallasa shi haɗari.

Akwai abin da ba ka ambata ba, amma yakan biyo baya a gidaje da yawa daga Gidan Rumji har Gazawa: a fara raɗe-raɗin sammu, a nuna kishiya ko wani abokin sana'a. Ina roƙonku kada ku buɗe wannan ƙofa. Tana raba zumunci, tana cinye kuɗin magani, tsohon kuma yana nan yadda yake. Ku yi masa addu'a, ku karanta masa Alƙur'ani, shi kansa Littafin ya ambaci wannan hali na ƙarshen rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. Abu ne da aka san shi tun da.

Bakin uba da kake tsoro, ka kai wa malamin da ka amince da shi ka ji daga bakinsa. Abin da na sani shi ne biyayya ga iyaye ba ta haɗa da miƙa musu abin da zai halaka su ko ya halaka wasu ba, kuma Allah ya san maganar da ciwo ya sa mutum ya furta. Baban da ya yi shekaru yana isar da mutane gidajensu lafiya, da za a nuna masa wani direba a irin wannan hali, da kansa zai karɓe makullin. Ka yi kuka in ya zo maka, kai ma rashi ka yi. Ka kuma duba mahaifiyarku, domin ita ke kwana da shi, ita ke shan tambaya ɗaya sau ashirin. Ku riƙa karɓarta tana hutawa, ƙannenka mata da maza duka, har waɗanda ke Maradi ko Najeriya su san rabonsu na kuɗi da na kwana.

Fushin yakan lafa. Wasu cikin makonni, wasu sai an yi watanni, musamman in motar ta bar idonsa kuma ranarsa ta cika da wani abu. Ba zan yi maka alkawarin zai gode maka ba.

Ina da roƙo ga shugabannin sandikar direbobi na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da Tibiri. Kun san tsofaffinku, kun san wanda ya fara ɓata lissafi da wanda ya fara ɓata hanya tun kafin iyalinsa su sani. Kada ku bar wa 'ya'yansu wannan aiki su kaɗai. Ku same su a asirce, ku sallame su da karramawa a gaban jama'a, ku ajiye musu benci a tasha, ku riƙa kiran su sasanci in direbobi sun saɓa muddin suna iyawa. Kai kuma ɗan'uwa, cikin makon nan ka je wurin abokin nan nasa, ka kuma nema wa motar wurin kwana. Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya.